Ƙafar Abokin Labbo

Labbo mai shela bai taɓa shan taba ba. Duk garin Adabka an san haka, kamar yadda aka san cewa idan ya ce zai je duba rumbu bayan la'asar ba a bin sa, kuma ba a tambayarsa yadda aka yi rumbun gero yake tashin hayaƙi kullum amma bai taɓa ƙonewa ba.

Abin ya samo asali ne tun yana saurayi, shekarar da ya tafi cin rani Ibadan yana dako a kasuwa. Ya dawo da rediyo, da Yarbanci cikin cokali, da kwalin sigari. Rediyon ta lalace, Yarbancin ya bi iska, na ukun kuwa ya zauna daram har furfura ta fito. To dattijo mai 'ya'ya da jikoki ba ya tsayawa bakin hanya yana busa hayaƙi kamar yaron mota. Saboda haka kwalin ya koma cikin hula, kaninfari ya koma aljihu don kashe wari, gari kuma ya taya shi rufin asiri. Matarsa Kubura ta shekara da shekaru tana ɗinke ƙananan hujin da toka ke yi wa rigunansa, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗora laifin a kan kowa ba sai gara.

Shela gadonsa ce daga kawunsa. Mutum ne dogo, siriri kamar karan dawa, amma idan ya buɗe baki sai ka waiwaya kana neman ƙaton da ya yi magana. Daga ƙofar gidan mai gari yake farawa, ya bi ta kasuwa, ya ratsa mahauta, ya gangara unguwar bakin rafi. Akuyar da ta ɓace, aikin gayya, allurar yara, ganin wata, rasuwa, duk ta bakinsa ake ji. Lokacin da gubar dalma ta addabi ƙasar nan, shi ya yi ta zagaye yana roƙon mutane kada su daka dutsen zinare a tsakar gida, kuma a lokacin ne aka ba shi lasifika. Ya karɓa don kada a ce ya raina kyauta, amma a ransa yana ganin ita ce ke buƙatarsa.

Da daminar bara ƙafarsa ta hagu ta fara yi masa gardama. Zai fito lafiya lau, kafin ya kai kasuwa sai sharaɓarsa ta ɗaure tamau, kamar an sa igiya an shaƙe ta. Idan ya ɗan tsaya sai ta sake shi. Ya ci gaba, ta sake kamawa. To mai shela ba ya tsayawa a tsakiyar hanya haka kawai kamar wanda ya manta inda za shi. Sai Labbo ya samo dabara: duk inda ƙafa ta kama, nan akwai wanda ya kamata a gaisar.

Kai, Adabka ta sha gaisuwa a shekarar nan! Ya gaishe ka, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi awaki, idan ƙafar ba ta sake ba ya koma kan zabi. Hudu tela, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji saboda rikicin iyakar gona, ya ɗago kai wata safiya ya ga Labbo tsaye a ƙofar shagonsa yana tambayarsa ya gajiya. Hudu ya ji kunya har ya kai masa goro gida da yamma. Liman ma ya kawo shi misali a wajen wani ɗaurin aure, ya ce a yi koyi da zumuncin Labbo. Shi kuwa gogan yana gefe yana sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, alhali lissafin nisan hanyar gida yake yi. Inda babu kowa sai ya tsaya ya maimaita shelar ga garka da bishiya. Akwai ranar da ya tsaya ya yi cigiyar jaki tiryan-tiryan a gaban jakin da ake cigiya, zafi bai bar shi ya lura ba.

Ya shafa man zafi. Wanzami ya yi masa ƙaho. Ya ce sanyi ne, ya daina wanka da ruwan randa. Duk a banza, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba.

Abin ya daina zama na dariya ranar da wata tsohuwa ta rasu da hantsi. Aka ba Labbo shelar jana'iza. Yana tafe yana tsayawa, kafin ya isa unguwar bakin rafi, inda 'yan'uwanta suke, har an dawo daga maƙabarta. Abin ya yi masa ciwo fiye da zagi. Bayan kwana biyu ya ji ƙishin-ƙishin cewa mai gari yana tunanin ba wani mai babur lasifikar. Labbo ya koma bayan rumbu ya zauna, ransa a ɓace, ya kunna abin da ya saba kunnawa idan ransa ya ɓaci.

Kubura ce ta lura cewa ƙafar hagun ta fi ta dama sanyi, kuma gashin ƙwaurin ya kakkaɓe. Ta gaya wa 'yarsu ta fari, Nusaiba. Nusaiba ta gaya wa mijinta. A nan gizo ke saƙar, domin mijin nata, Kamilu, shi ne ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibitin garin, wanda kowa ke kira Likita. Labbo kuwa mutumin dā ne a wajen surukuta. Bai taɓa kama sunan Kamilu ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, idan ya hango shi a hanya sai ya tuna yana da uzuri a wani lungu. Kamilu ma bai san launin idon surukinsa ba. Yanzu a ce wannan zai dubi wancan ya tambaye shi ko yana shan taba? Ai gara ƙafar ta guntule.

Ranar Juma'a da safe Kamilu ya zo gaisuwa da jakarsa a rataye. Ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure. Aka gaisa, aka sake gaisawa, gaisuwa ta ƙare aka rasa ta cewa. Labbo yana kallon bango, Kamilu yana kallon tabarma. Can Labbo ya yi gyaran murya.

"Likita, akwai wani abokina."

"Na'am, Baba."

"Ƙahwatai ka damu nai. In yat tahi ta kama, in yat tsaya ta sake."

"Allah sarki. Abokin ga, shekarunai za su kai na Baba?"

"Sa'ana na."

"Jiki hwa?"

"Awa ni. In ka gan mu sai ka ce tagwaye."

"To Baba, tunda ba shi kusa, ko za a ara man ƙahwa in gwada? Tunda kusan jikin guda na."

Labbo ya miƙo ƙafa yana kallon rufin zaure. "Ta hagu shika kuka da ita."

Kamilu ya ɗora yatsu a bayan ƙafar dama, ya ji jini yana bugawa. Ya koma ta hagu, ya lalluba, ya daɗe yana lallube. Ya ciro abin awon jini ya ɗaura a dantse, ya rubuta, ya kwance ya ɗaura a saman idon sawu. Abin da ya gani a ƙafar bai kai na hannun ba, kuma fuskarsa ta nuna.

"Baba, a gahwarce ni. Abokin ga, ko shina ɗan taɓa wani abu mai hayaƙi?"

"Hm! Ka san mutanen yanzu," in ji Labbo. "Na yi mai hwaɗa har na gaji."

Kamilu ya cije leɓe har dariyar ta koma ciki. Sannan ya yi bayani, kansa a ƙasa, kamar da tabarmar yake magana. Ya ce abin da ke cikin hayaƙin ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yana shiga jini, yana ƙuje bangon jijiyoyin jini ta ciki. Jiki ya taso zai gyara, wurin ya yi kumburi.

"Kumburi?" Labbo ya ɗaga ƙafar sama. "Ƙahwag ga da ta yi awa tsinke, ina kumburin shike?" Sai ya tuna, ya mayar da ita ƙasa. "Ina nuhin ta abokin nawa. Shi ma haka take."

"Ba a ganin shi ta waje, Baba. Awa gyambo na cikin hanyar jini, kullum ana hwama shi kahin shi warke. Kitse shi samu wurin maƙalewa, hanya ta matse. In yat tahi, nama na son jini da yawa, ba ya samu, shi yi kuka. In yat tsaya, ɗan wanda ka zuwa shi ishe shi."

"To ai wanga ciwon masu tumbi na. Abokina ko naman kasuwa sai da salla."

"Hayaƙi ba ya duba tumbi, Baba. Kuma hanyag ga da ta matse ga ƙahwa, irinta ta ka kai jini ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Ƙahwar dai ta riga su magana."

Labbo ya tambaya, a hankali, idan abokin ya yi taurin kai fa. Kamilu bai ɓoye ba. Ya ce tafiyar za ta yi ta gajarta, wata rana ɗan rauni ya fito ya ƙi warkewa, daga nan kuma ana iya rasa yatsa ko fiye. Amma idan ya bar hayaƙin, kumburin yakan lafa, abin ya daina gudu. Tafiya ma magani ce: ya yi ta har ta kama, ya huta, ya ci gaba. Sai dai lalle a kai shi babban asibitin Gummi a auna jininsa, a duba zuciya, a ɗora shi kan magani.

"Za ni hwaɗa mai," in ji Labbo. "Amma kunnen ƙashi gare shi."

Haka aka shiga yaƙi. Labbo ya koma goro, ya koma rake, ya ci gyaɗa har muƙamuƙinsa ya yi tsami. Fushi ya zo ya tare a gidan. Ya yi faɗa da zakara, ya yi faɗa da buta, ya ce tuwon Kubura ya canja alhali hancinsa ne ya fara buɗewa. Ita kuwa ba ta rage masa ba. "Malam, lahiya kwana biyu ba ka duba rumbu ba? Kar ɓeraye su gama da mu." Duk Juma'a Kamilu ya zo gaisuwa, Labbo ya ba da rahoto yana kallon bango. Wani makon abokin ya yi ƙoƙari. Wani makon kuma, "Maras kunyar ga ya koma ranar kasuwa." Kamilu ya ce a yi masa uzuri, ba a sare icce da sara ɗaya, a ce ya sake ɗaura niyya. Mai gari dai ya yi shiru da zancen mai babur, amma bai ce ya fasa ba.

Zancen babban asibiti ne kaɗai ya ƙi gaba. Duk lokacin da Kamilu ya tayar da shi, sai a ce abokin ya tafi ƙauye, ko yana shirin girbi, ko baƙi sun sauka masa.

Da kaka, Labbo yana yankan dawa ƙaya ta soke shi a babban yatsan hagu. Abin da dā ko kallo bai ishe shi ba. Mako ya wuce, wani ya bi, wurin yana nan jajir, bai rufe ba. Kullum da safe ya kwance tsumman ya duba, ya mayar ya ɗaure. A karon farko a rayuwarsa Labbo ya ji tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon koko.

Wata Talata da hantsi ma'aikatan ƙaramin asibitin suka ga abin da ba su taɓa gani ba: mai shela a ƙofa, ba lasifika. Kamilu ya miƙe da sauri, ya ba shi kujera, shi ya durƙusa a ƙasa cikin farar rigarsa ta aiki. Ya kwance tsumman, ya duba, ya wanke, ya rufe.

"Abokin ga nawa," in ji Labbo, muryar nan da ke tsallake unguwa ta koma ƙasa-ƙasa, "tsoro shika ji. Ya ce in anka kai shi can, yanke ta za a yi. In anka yanke ta kuwa, mi za shi zama? Shi bai iya komi ba sai yawo da ƙahwa."

"Ba a kai nan ba, Baba. Yatsan na da rai. In munka tahi yanzu, da izinin Allah da ƙahwatai za shi komo. In anka jira, ban iya yi mai wanga alkawali." Kamilu ya ɗago kai ya dubi surukinsa ido cikin ido. "Baba, abokin ga kakan ɗiyana na. Ina son shi."

Labbo ya kai hannu ya cire hularsa, a gaban mijin 'yarsa, ya zaro kwalin da ya lanƙwashe da zufa, ya ajiye a kan tebur tare da ashana.

"Tawa ta," ya ce. "Ƙahwar ma tawa ta."

Kamilu ya jawo aljihun tebur ya tura su ciki ba tare da ya kalla ba. "Motar Gummi ba ta tashi ba tukuna, Baba."

Suka fito, Labbo a gaba, Kamilu a baya kamar yadda ya kamata. Ba su kai rabin hanyar tasha ba ƙafar ta kama. Labbo ya tsaya cak a tsakiyar titi, mutane na wucewa suna kallo.

"Matso nan," ya ce. "Ciwo takai."

Kamilu ya matso. Labbo ya ɗora hannu a kafaɗarsa, ya sakar masa nauyinsa duka, suka tsaya tare suna jiran ta sake.