Miyar Kuka da Maɓallin Iska

Jama'a, yau a Fatakwal an sauke ni daga mota saboda miyar kuka!

Yaya Sani na kwance a asibiti, ba ya cin komai sai tuwona. Na ɗauki kula na shiga tasi, irin mai haɗa batir da fetur. Muna shiga cunkoso matar da ke gaba ta toshe hanci: "Wetin dey smell?" wai me ke wari.

Direban, Bahaushe ne fa, ya waiwayo: "Hajiya, daddawa ce? Motar nan iskar ciki take juyawa, warin ba inda za shi."

Na ce, "Ƙamshi dai! To bar ta waje ta shigo mana."

Ya nuna wani maɓalli mai lanƙwasasshiyar kibiya. "In na kashe wannan, iskar waje mai zafi na'urar sanyin motar za ta yi ta sanyayawa, batir ya sauka, inji ya tashi ya sha mini mai. Yi haƙuri ki sauka."

Na ce, "Kai da wace miyar aka yaye ka?"

Kafin in samu keke napep in isa, an rufe ƙofar masu dubiya. Ga tuwon nan a gabana, ya sandare.