Malam Natana'el da Lissafin Mol

Malam Natana'el ɗan mai haƙar kuza ne a Bukur. Uban ya ƙare rayuwarsa cikin rami, shi kuwa ɗan ya kama alli, ya shekara talatin da huɗu yana koyar da kemistiri. Bayan ritaya wata makaranta mai zaman kanta a Daɗin Kowa ta ɗauke shi. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya sun watse Legas da Abuja. Aji shi ne abin da ya rage masa.

Yana da hanyarsa ta koyar da mol. Sai ya ɗora dunƙulen tataccen kuza a kan tebur, nauyin giram ɗari da sha tara, ya ce, "Wannan mol ɗaya ne. Ƙwayoyin zarra da ke cikinsa, ku rubuta ɗari shida da biyu, ku jera masa sifili ashirin da ɗaya. In mol biyu ne, ku ninka sau biyu. Shi ke nan." Yara suna kiransa Baba, kuma ba a taɓa jin wani ya katse masa magana ba.

Bara ne abubuwa suka fara sulluɓe masa. Makulli, sunan maƙwabci, hanyar kasuwar Katako. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa muddin allo bai gagare shi ba, da sauransa.

Wata Talata mai makarantar, Madam Ngozika, ta kira shi ofis. A gabanta akwai littattafai biyu, duka da sunan Jannatu, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin. A na farko an raba mol uku da lambar nan, ga kuma jan bironsa ya ba da maki cikakke. A na biyu an ninka, amsa ta fito daidai, ba hannun malami a ciki.

Ya daɗe yana duba su. Ya roƙa a kira yarinyar.

"Jannatu, wa ya koya muku rabawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan hutun Ista."

"Ku talatin, ba wanda ya ɗaga hannu?"

"Baba, ai ba ma iya ce maka ka yi kuskure. Mukan rubuta naka mu ba ka, mu je gida mu yi na daidai."

Madam ta fara cewa, "Oga Malam, ka huta kawai zuwa ƙarshen zango, sai mu ga..."

Ya ɗaga mata hannu a hankali. Ya tambayi Jannatu ko akwai waɗanda ba su da littafi na biyu. Ta ce wajen mutum goma sha ɗaya, kuma jarrabawa saura mako uku.

Ya ce a nemo musu wani malami kafin Litinin. Ya tsaya a bakin ƙofa, yana tunanin ta wane gefe ake fita.