Dawakin da Liman Ya Halatta

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buga akwatunan katako a wani sito a unguwar Khumra. Da bayana ya ce ya gaji, kafili, wato ubangidana, ya ce halas, aiki ya ƙare, na dawo gida unguwar Waziriyya na zauna. Zaman bai karɓe ni ba. Cikin mako biyu na gyara duk ƙofofin gidan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau.

Sai na tuna lilon da ake kafawa a tsohon gari ranar Sallah muna yara, mai juyawa da dawakan katako. Na ce zan sassaƙa ƙaraminsa, wanda zai zauna a kan faranti. Wata huɗu ina fama. Na yanke yatsa sau uku, na cika falo da garin katako. Na yi dawaki shida na shafa musu fenti, marfin tukunya ya zama rumfa, na sa ɗan hannun da ake murzawa. Ranar da ya fara juyawa sai da na yi ƙwalla don daɗi. Mai buga akwati ya zama masassaƙi.

Matata ce ta tada ballin. Ta naɗe dardumarta ta fitar daga falo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji, mala'iku ba sa shiga gida mai gumaka. Ko ka sare musu kawuna, ko su bar gidan nan."

"Hajiya, abin wasa ne fa."

"Wasan wa? Jikokinka suna can unguwar Safa, ko kai ba sa ɗagawa daga waya. Kai ne yaron."

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa, don kawunan nan su suka fi ba ni wahala. Muka yi yarjejeniya: duk abin da limamin unguwa ya yanke, shi ke nan.

Bayan La'asar na naɗe lilon a rawani na kai masa. Dattijo ne mai tsanani, ba ya sassauta wa kowa. Ya sa tabarau, ya murza hannun, ya daɗe yana kallo. Ya nuna ɗaya.

"Wannan mene ne?"

"Doki ne, Allah gafarta Malam."

"Wannan fa?"

"Shi ma doki."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Alhaji, abin da aka hana shi ne kwaikwayon halitta mai rai. Cikin dawaki na girma a garinmu. Na duba iya dubawata, ban ga halittar da waɗannan suka kwaikwaya ba. Yalla, mayar da su gida, ba komai."

Na gaya wa Hajiya yadda aka yi, ban rage ko kalma ba. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Lilon yana nan kan kabad, dawaki shida da kawunansu cif. Ni kuwa wallahi na so a ce haramun ne.