Kuɗin da Na Rubuta a Kafaɗar Bijimi

Akwai wata Litinin da har yau ban manta da ita ba, a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna. Lokacin ina wata na biyar a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, kuma ba na rabuwa da alli a aljihu.

Gidanmu gidan dillalan shanu ne. Kakanmu ya yi, babanmu ya yi, sannan Yaya Tanimu ya gaji rumfar a Sabon Gari, ni ina ƙarƙashinsa. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: a zaunar da mai dabba gindin ɗorawa, mai saye a rumfa, kada su ji bakin juna. Dillali ke kai da kawowa. A can ya ce an taya fam tara, a nan ya ce mai ita ya ƙi sai sha biyu. Abin da ya rage a tsakani muna kiransa rabo. La'ada daban.

Ran nan Ɗan Asabe, wani manomi daga bayan Basawa da ya shekara ashirin yana kawo mana dabba, ya zo da bijimai uku, ya sallama kowanne a fam tara. Yaya ya raɗa mini, ya ce in riƙe a ka. Ni kuwa mai sabon ilimi, sai na zana wa kowanne kuɗinsa a kafaɗa, ɓaro-ɓaro, yadda malam ya koya mana.

Mai sayen wani akawu ne daga gonar gwamnati ta Samaru, yana neman shanun huɗa. Yaya ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi fama da shi, ko sisi ya ƙi ragewa daga sha biyu."

Akawu ya gyara tabarau. "To Malam Tanimu, shi bijimin da kansa ya ce tara."

Akawu ya miƙe ya nufi gindin ɗorawa, wajen Ɗan Asabe. Muna kallo suka gaisa, suka daidaita a fam goma, kowa yana murna. Ɗan Asabe har ya tsaya ya ce mini, "Allah ya ƙara ilimi, Iro."

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara sittin gidanmu na cin tuwo da baki, kai ka zo mana da rubutu."

Ranar na gane ba saniya dillali ke sayarwa ba, nisan da ke tsakanin ɗorawa da rumfa yake sayarwa. Mun rasa fam tara, da la'adar bijimai uku, da cinikin Samaru, da Ɗan Asabe da mutanen ƙauyensu duka. Ni kuma na yi wata huɗu Yaya bai amsa gaisuwata ba.