Zakaran da Yaya Rabo bai yanka ba

Yayana Rabo bai iya zama ba. Ko tuwo aka ajiye masa, a tsugune yake ci, ido yana kan ƙofa. Shekara talatin da ɗaya yana yankan kaji a kasuwar Ƙanƙara, in ranar kasuwar Faskari ta zagayo ya hau babur, wani lokacin har Sabuwa, duk da lalacewar hanya da fargabar daji. Ni ƙanwarsa ce, Baraka, ni ke fige masa kajin, don haka ba labari aka ba ni ba.

Abin alfaharinsa guda ɗaya ne, kuma ya ishe mu da shi: kaza ba ta taɓa mutuwa mushe a gabansa ba. A wajenmu, da kaza ta fara gyangyaɗi, ta saki fiffike, sai a ruga da ita wajen mai wuƙa kafin rai ya fita, ko ba komai a sha romo. Yaya ya fi kowa sauri. Na taɓa ganin ya bar aski rabi, kai duk kumfa, ya tari wata mata da ta taho a guje daga hanyar Mabai.

Sai Allah ya ba shi 'ya mai taurin kai irin nasa. Hafiza ta karanta aikin gwaje-gwajen asibiti, bara kuma aka ɗauke ta cikin matasan da ake horarwa a Zariya kan binciken mura, ta mutane da ta tsuntsaye. Yaya ya yi ta dariya. "Mura? Wadda citta da kanumfari ke kora ita ce za a tahi karatu a kanta?"

Ta dawo hutun aiki da akwatin sanyi, da safar hannu, da wasu tsinkaye masu auduga a kai. Ta zaunar da ni, don shi ba ya zaunuwa, ta ce akwai murar da ke kashe kaji gida guda cikin kwana biyu, kuma wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai yanka da mai figa. Na faɗa wa Yaya, ya ce in bar ɗaukar maganar yara.

Ana cikin haka kajin Goggo Hussaina ta 'Yargoje suka fara zubewa. Ran Talata ta kawo huɗu, Yaya ya yanka, na fige. Ran Laraba da hantsi sai ga ta kuma da babban zakaranta a hammata, zankonsa ya yi shuɗi, kai ya kumbura, yana numfashi da kyar.

"Malam Rabo, yi maza, ya kusa!"

Wuƙa ta riga ta fito daga kube. Hafiza, wadda ta biyo mu kasuwa ranar, ta shiga tsakaninsa da Goggo.

"Baba, kada ka taɓa shi."

"Mi kika ce?"

"Don Allah, Baba. Goggo, aje shi ƙasa, ga sabulu ki wanke hannu."

Mutane suka fara taruwa. Yaya ya je, ya dawo, ya zagaya teburinsa, ya goga wuƙar a hannun riga. Zakaran yana shure-shure a ƙasa. Goggo tana cewa, "Shi kaɗai ya rage mini, ku bari in kai wa jikokina nama!" Wallahi ni ma na so in ce a yanka. Tausayinta ya kama ni, haushin yarinyar kuma ya kama ni, da takunkumin fuskarta da komai, tana zura wa zakara tsinke a maƙogwaro kamar ba ta jin kukan tsohuwa.

Yaya ya ɗaga ƙafa sau biyu zai matsa. Hafiza ba ta ɗago ba, ta dai ce, "Baba." Sai ya tsaya, har zakaran ya miƙe ƙafafu ya daina motsi.

Wani daga baya ya ce, "Yau mushe a gaban Rabo." Goggo ta ɗauki mayafinta ta tafi ba sallama. Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba, na ji kamar in yi masa kuka.

Hafiza ta rufe tsinken a kwalba, ta rubuta wani abu a jiki, ta sa aka tona rami aka binne zakaran. Sannan ta sauya safar hannu, ta ciro sababbin tsinkaye biyu, ta juyo gare mu. Ɗaya na maƙogwaron Yaya ne, ɗaya nawa.

"Jiya kun yanka huɗu daga gidan Goggo. Tun asuba nake jin tarinka, Baba."

Ya buɗe baki zai ce citta, bai ce ba. Ya waiga neman abin zama, bai samu ba, don bai taɓa ajiye kujera a rumfarsa ba. Na tura masa turmin da nake zama a kai in yi figa. Ya zauna, ya ajiye wuƙar a cinya, ya ɗaga kai sama.

"To, ɗiyata," ya ce. "A hankali dai."