Tarin Mutumin Maraɗi

Shekarar korona ta same ni a Guangzhou, a wani ɗaki bayan ginin Tianxiu, ni da wani dattijo mutumin Maraɗi mai sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Da tarinsa na tarar da shi, tari mai nauyi, wani lokaci har da jini. Duk mun san tarin fuka ne, don ba a kansa aka fara ba. Ɗakunan nan ba taga, kowa numfashin ɗan'uwansa yake shaƙa. Kowace shekara sai mun ji wani ya kwanta, daga nan mu daina ganinsa a sahun Juma'a.

Na ce masa, "Baba, ka zo mu je asibiti."

Ya ce, "Da wace biza, ɗana? Tawa ta ƙare tun bara. Ina shiga, da ankwa zan fito."

Da korona ta yi ƙamari, matar da muke haya a gidanta, wadda kullum take gaishe mu da fara'a, ta jiyo tarinsa ta bango. Washegari muka dawo muka tarar da jakunkunanmu a bakin titi. Otal-otal muka riƙa bi, ina tallafe da shi. Da sun hango fatarmu sai su ɗaga hannu, "Meyo, meyo," wato babu ɗaki. Wani ɗan Ghana ne ya tausaya, ya shimfiɗa mana tabarma a siton kayansa.

A can jikin ya rikice. Sai da ya daina gane mutane muka kai shi asibiti. Aka gwada, ba korona ba ce. Likitar ta ce ta bakin tafinta, ai wannan tarin yana da magani, da an zo da wuri. Bai daɗe ba ya cika.

Mun so mu mai da shi gida. Mai loda mana kaya a filin jirgin sama na Baiyun ya ce gawa ba ta tashi a wannan lokacin. Kwalayen takalmansa kam sun tashi. Muka rufe shi a maƙabartar Musulmi, mu 'yan kaɗan, kowa nesa da kowa.

Ni na kira babban ɗansa. Ya yi salati, sannan ya ce, "Kawu, korona ce?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ko ba komai mutane za su zo mana gaisuwa."

Na kashe wayar na zauna, na rasa wanda zan ji haushi.