Ghislaine Mai Gyaran Takubba, Wadda Aka Tsallake Sunanta

Ƙarfe bakwai na safe, ko ruwa ake ko ƙanƙara, Madame Ghislaine Delattre takan jingine kekenta a bayan zauren wasan takobi na jami'ar garinmu, nan arewacin Faransa, ta buɗe ɗan ɗakinta da ke ƙarƙashin matakala. Ta ɗora kofi, ta sa tabarau, ta jawo takubban da ɗalibai suka zube mata jiya ba ko sannu. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki.

Takobin wasa ba ya yanka. A tsininsa akwai ɗan maɓalli, ƙarƙashinsa sifirin, wato ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke turo maɓallin in an danna, sai waya siririya da ke bin jikin ƙarfen. In maɓallin ya taɓa abokin karawa, fitila ta kama, an ci maki. Doka ta ce sai sifirin ɗin ya iya ɗaga nauyin giram ɗari bakwai da hamsin. Wanda ya kasa, alƙali ya jefar da takobin gefe. Abin da ke riƙe da maɓallin kuwa wasu 'yan kusoshi ne guda biyu, ba su kai ƙwayar riɗi ba. A kan waɗannan ƙwayoyin Ghislaine ta ƙarar da idonta.

Ɗalibai Tata suke kiranta, kamar ƙanwar uwarsu, amma ba ta da lallashi. Akwai shekarar da ta danna ragar hular fuskar wani ɗalibin likitanci ta ga ta lotsa, ta ƙwace ana saura minti goma ya shiga fili. Ya yi ta zage-zage. Ta ce, “Zagi dai kake iyawa da ido ɗaya, karatun likita fa?” Yau shi ne ke duba idon rabin unguwarmu.

Sai dai shekara biyu ke nan hannunta ya fara rawa. Ba ta gaya wa kowa ba. Takan dafa gwiwar hannunta a kan tebur, ta riƙe numfashi, ta ɗaura kusa. Aikin minti ɗaya ya koma na huɗu. Kullum tana fargabar ranar da za ta kasa a gaban jama'a, shi ya sa ta ce bana za ta ajiye aiki. Shugaban ƙungiyar wasan takobinmu, Monsieur Fabrice Lemoine, ya yi shelar cewa a bikin ƙarshen kakar wasanni za a ba ta lambar girmamawa. Ita ce ta farko a rayuwarta. Har riga ta saya.

Asabar ɗin ƙarshe ta zo. Kambun gwarzuwar shekara na jami'o'in arewa ya tsaya tsakanin mutum biyu: Maëlys, 'yar ƙungiyarmu, da Solène, baƙuwa daga wata ƙaramar jami'a da ba ta da ko mai gyara. Wadda ta fara kai maki goma sha biyar ita ke da kambu. Tun kafin a fara, takobin Solène na farko ya faɗi awo, sifirin ya yi laushi. Ta ɗauki na biyu. Ana goma sha biyu da goma sha biyu, ya karye gida biyu.

Solène bahaguwa ce, kuma mariƙin takobin bahago daban yake. Aka duba zauren nan kaf, babu na aro. Alƙali ya dubi agogo ya ce minti biyar, in ba takobi wasa ya ƙare. Yarinyar ta tsaya da guntun ƙarfe a hannu.

Al'adar masu gyara ita ce, duk takobin da aka ɗora a teburinka naka ne, ba a tambayar na wace ƙungiya ne. Ghislaine ta miƙe. Fabrice ya tare ta da murmushi.

“Madame Delattre, kofinki zai huce. Zauna mana.”

“Na saba shan mai sanyi, Monsieur.”

“Shekara tara rabonmu da kambun nan. Ba wanda ya ce ki yi wani abu. Cewa na yi kada ki yi komai.” Ya rage murya. “Gobe Lahadi ce fa, ranar biki. Ki tuna da abin da muka shirya miki.”

Ghislaine ta gane sarai. Ta dubi Maëlys, wadda ita ta haɗa mata takobin farko tun tana sabuwar shiga. Sannan ta ɗaga murya: “Ke bahaguwa! Kawo wancan na farkon, ki daina tsayuwa kamar an dasa ki.”

Solène ta miƙo takobin. Ghislaine ta kwance kusa ta farko. Ta biyu ta suɓuce, ta gangara ƙasa. Wani daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya yi dariya, ya ce, “Tata, yau hannun naki ma namu ne!” Ta durƙusa da maganaɗisu tana shara ƙarƙashin tebur, zufa na ɗiga a tabarau. Alƙali ya ce saura minti biyu. Kusar ta manne. Ta sa sabon sifirin, hannu na ta kaɗawa, sukudireba ta ƙi shiga ramin sau uku.

“Riƙe min wuyan hannun nan,” ta ce wa Solène. “Da ƙarfi. Ba ƙwai ba ne.”

A gaban mutum ɗari biyu ta tona asirin da ta ɓoye shekara biyu. Kusa ta shiga. Alƙali ya ɗora ma'auni, sifirin ya ɗaga. Aka koma fili, Solène ta ci, goma sha biyar da goma sha huɗu.

Ranar Lahadi da rana aka yi biki. Ghislaine ta zo da sabuwar rigarta, ta zauna a layin baya, tana murza yatsu. Aka kira gwarzuwar shekara ta ƙungiya, aka kira gwarzon sababbin shiga, aka kira mai horarwa, har kamfanin da ya ba da lemo aka tafa wa. Fabrice ya naɗe takarda ya ce a ci abinci, bai kira sunan Ghislaine ba. Maëlys ta zo wucewa da faranti, ido a kumbure, ta tsaya.

“Ban yafe miki ba, Tata.”

“Ban roƙa ba.”

“Da kin zauna, da na karɓi kambun, da kuma ban iya kallonsa ba. Amma dai ban yafe ba. Matsa in zauna.”

Bari a faɗi gaskiya ko da ɗaci: abin da aka yi ranar nan rashin kunya ne, kuma duk wanda ya tafa ya ci ya tashi bai ce uffan ba, da shi aka yi. Ƙarshen watan Yuni Ghislaine za ta miƙa makulli, har yau babu ɗalibi ɗaya da ya zauna ya koyi ɗaura kusa, balle ya koyi abin da ya fi kusa wuya.

Ke ce, Ghislaine, wadda aka ce ki zauna a biya ki da lamba, kika miƙe. Ke ce mai gyara wa na gida da baƙo da hannu ɗaya. Duk kambun da aka ɗaga a zauren nan, ba a jin kunyarsa ne saboda ke. Mun gode, Allah ya ba hannun nan sauƙi.

Ku kuma masu jiran a kira sunanku, saura mako shida. Ku je ku zauna kusa da ita tun tana nan. Ba za a tafa muku ba, wannan kam ta riga ta gwada muku.